Filin Tambaya da Amsa: Kafin ka raba wa jama'a dabarar gem

Tambayoyin wannan makon sun zo ne daga masu karatunmu na Makka, Jidda, Madina da Riyad, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda mutum zai ba 'yan'uwansa 'yan wasa dabara ba tare da ya cuce su ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna da rukunin 'yan PUBG Mobile, wasan harbi na waya, wasu a nan Makka, wasu dangi ne a Kano da Zariya. Na tura musu lambar saitina na saurin juyawar bindiga, wadda ni da ita nake cin wasa. Biyu sun gode mini, sauran suka ce na lalata musu hannu, har wani yana zargin da gangan na yi. Ina matsalar take? Daga wani matashi, Jarwal, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saitinka ba shi da laifi. Abin da ya faru shi ne ka tura lamba tsirara, ba ka faɗi wayar da aka gina ta a kai ba, kuma wannan saiti bai da ma'ana sai an haɗa shi da na'ura da yatsun mai ita.

Fara da allo. Tazarar da babban yatsa ke ja a waya mai inci 6.1 ba ita ce yake ja a iPad mai inci 11 ba, don haka lamba ɗaya tana juya kyamara daban a kowannensu. Sai yawan hotunan da waya ke iya nunawa a daƙiƙa. A cikin PUBG Mobile matakin High yana ba da 30, Ultra 40, Extreme 60, manyan wayoyi kuma suna kaiwa 90 ko 120. Wanda ke kan 30 yana ganin tashin bakin bindiga a makare, sai ya ja ƙasa fiye da kima. Idan ka ba shi saitin mai 90, hannunsa zai yi ta wuce abokin gaba hagu da dama. Na uku shi ne jairoskof, wato juya kyamara ta hanyar karkata wayar. Masu amfani da shi sukan kai shi 300 ko fiye, su rage na yatsa sosai. Wanda wayarsa ba ta da jairoskof mai kyau, ko bai taɓa kunna shi ba, in ya ɗauki lambarka zai tarar yatsansa ya yi nauyi, bindiga na hawa sama ba ya iya riƙe ta. Ga kuma yawan yatsu: mai wasa da biyu da mai wasa da huɗu ba wuri ɗaya maɓallansu suke ba.

Akwai abin da ya shafe mu mazauna nan musamman, wato zafi. A bazarar Makka, inda rana ke haura digiri 45, waya na rage ƙarfin kanta da kanta idan ta ɗau zafi, sai hotuna 60 su faɗo 40 a tsakiyar wasa. Wanda ya gwada saitinka a ɗaki mai sanyi da wanda ya gwada a bakin baƙala, wato shagon unguwa, wayarsa jone da caji, ba sakamako ɗaya za su ba ka ba. 'Yan'uwanka na Kano kuwa jinkirin layinsu daban ne. Mai milisakan 30 da mai 150 ba lokaci ɗaya harsashinsu ke isa ba, kuma babu saitin da ke gyara wannan.

To ga yadda ya kamata saƙon ya fita. A saman lambar ka rubuta sunan wayarka, matakin hotunan da kake kai, yatsu nawa, jairoskof a kunne ko a kashe, da watan da ka gwada. Layi biyu ya isa. Sannan, kuma wannan shi ne abin da aka fi mantawa, ka ce kowa ya fara ɗora nasa saitin a ma'ajiyar wasan ko ya ɗauki hoton shafin kafin ya saka naka, domin lambar na share abin da ke wurin. Mutum ya yi wata shida yana daidaita hannunsa, bai kamata ya rasa shi a minti ɗaya ba.

Abin da ya fi lambar amfani shi ne ka koya musu gwaji. A shiga filin atisaye, a ɗauki bindigar M416 da madubi mai ninki uku, a tsaya gaban bango a sauke harsashi 30 a jere ana jan yatsa ƙasa yadda aka saba. A duba tabon da ke bango. In ya hau sama, a ƙara saurin juyawar bindiga lokacin harbi na wannan madubin da maki 3 zuwa 5. In ya gangaro ƙasa, a rage. Madubi ɗaya ake gyarawa a lokaci guda, kuma kada a sake taɓa shi sai an buga da shi kwana biyu ko uku. Mu dai a ganinmu wannan sakin layi ɗaya ya fi lambobin manyan 'yan wasa goma, don kowa zai fito da abin da ya dace da hannunsa.

Kuma ka haɗa da hoton allo. Da yawa daga cikin yaranmu na nan wasan da Larabci yake a wayarsu, na gida kuma da Turanci. In ka ambaci sunan maɓalli kawai, rabin rukunin ba za su same shi ba.

TAMBAYA: Wani abokina ya turo mini adireshin da ake samun UC, wato kuɗin sayayya na cikin PUBG Mobile, kyauta, da wata manhaja da ya ce tana buɗe hotuna 90 a ƙaramar waya. Ya ce in raba wa jama'armu don su ma su amfana. In raba? Daga Ghulail, Jidda.

AMSA: Kada ka raba, kuma ka ce wa abokin naka ya canza kalmar sirrinsa yau in har ya riga ya shiga. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin waɗannan shafuka suna kwaikwayon fuskar wasan, su ce ka shiga da Facebook ko Gmail don a tura maka kyautar. Abin da ka rubuta shi suke so. Cikin ɗan lokaci a canza imel ɗin da ke jikin akawun, a sayar da shi. Wasu ma lambar da banki ke turowa ta saƙo suke nema, da sunan tabbatar da kai ne.

Manhajar kuma tana taɓa fayilolin wasan ne, kuma kamfanin na ɗaukar hakan a matsayin maguɗi. Hukuncin maguɗi a PUBG Mobile na kaiwa rufe akawun na shekara 10. Ko da ba a kama mutum ba, wayar da aka tilasta wa abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, batir ya lalace. Haka dabarar nan da 'yan Free Fire ke yaɗawa ta ƙara DPI, wato lambar da ke daidaita girman abubuwa a allo, a sashen masu haɗa manhaja na Android: in lambar ta yi yawa, rubutu ya ƙanƙance, wasu wayoyin ma fuskarsu ta rikice har sai an kai wa mai gyara. Duk mai ba da wannan dabarar dole ya ce a rubuta lambar asali a takarda tukuna, a kuma ƙara kaɗan-kaɗan.

Ka tuna jama'arka ba shafin suka yarda da shi ba, da kai suka yarda. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 da tarar da ta kai riyal miliyan 2 a kan damfara ta wannan hanya, kuma mai iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ba ya son sunansa ya fito a cikin irin wannan magana ko da a matsayin wanda ya tura ne. Wanda aka riga aka damfara yana iya kai ƙara ta manhajar jami'an tsaro mai suna Kollona Amn. In kana son tura abin da zai amfane su, tura musu yadda ake kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗin da suka haɗa da wasan.

TAMBAYA: Ɗana shekararsa 11. 'Yan'uwansa manya sun saka shi a rukuninsu, suna turo bidiyon dabaru, wasu da jini da zage-zage a ciki. Ba na son in raba shi da dangi. Me zan ce musu? Daga wata uwa, Madina.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi. Damuwarki a kan hanya take, kuma gyaran a hannun manyan yake, ba yaron ba.

Kowane wasa da ake sayarwa a nan yana ɗauke da lambar shekaru daga hukumar kula da kafofin watsa labarai: 3, 7, 12, 16, 18, 21. Tana jikin kwali, tana kuma shafin saye. Ƙa'idar da za ki ba su mai sauƙi ce: dabarar wasan da lambarsa ta wuce shekarun ƙaramin cikinsu ba ta shiga wannan rukunin. Su buɗe wani na manya, aikin minti biyu ne. Wasan ƙwallo irin su EA Sports FC da eFootball kowa na iya tarayya a kai.

Ki kuma ce su riƙa kashe murya kafin su tura bidiyo. Mafi yawan zagin ba daga wasan yake ba, daga bakin abokan wasa ne da aka naɗa ba su sani ba. Wannan ma haƙƙi ne: bidiyon allo yana nuna sunayen mutane da lambar shaidarsu ta wasa, kuma yaɗa shi don a yi wa wanda ya sha kashi dariya na iya zama ɓata suna, wanda dokar da muka ambata ta sa wa ɗaurin da ya kai shekara 1 da tarar da ta kai riyal 500,000. A rufe sunaye, ko a nemi izini.

Abu ɗaya da muke roƙon manya su daina gaba ɗaya a gaban yara shi ne bidiyon buɗe akwatunan sa'a. Ana nuna wanda ya dace, ba a nuna ɗaruruwan riyal da suka tafi kafin nan. Yaro ya gani, gobe ya nemi katin mahaifiyarsa. Ki sa kalmar sirri a kan kowane saye a wayarsa.

TAMBAYA: Na ɗauki lambar tsarin wasa ta EA Sports FC daga wani gwani, amma 'yan wasana sai yawo suke a fili. Daga Manfuha, Riyad.

AMSA: Malam, tun daga FC 25 lambar tana ɗauke da jeri da rawar da kowane ɗan wasa zai taka, amma ba ta ɗauke da 'yan wasan. Wanda ke da alamar ƙari ɗaya ko biyu a wata rawa ya fi iya ta. In naka ba su da ita, tsarin ba zai zauna ba. Ka duba kuma yaushe aka fitar da lambar, domin kowace sabuntawa na iya sauya gudu da tsaron baya. Idan kai ne mai rabawa, rubuta kwanan wata da rawar da tsarin ya dogara a kai.

Masu ba da dabarar kasuwar katunan 'yan wasa ta cikin FC kuma su daina mance harajin kashi 5 da wasan ke cirewa idan ka sayar. Ka saya 10,000 ka sayar 10,400, abin da zai shigo maka 9,880 ne. Faɗuwa ka yi.

TAMBAYA: Na ba ƙanena shawara ya sayi katin PlayStation na Amurka don ya fi araha, ya ƙi shiga. Daga Hindawiyya, Makka.

AMSA: Katin shahan, wato na zuba kuɗi a akawun, sai ƙasarsa ta dace da ƙasar akawun, kuma ƙasar akawun ba ta canzuwa bayan an buɗe shi. Kati bai mutu ba: ya buɗe akawun na biyu na Amurka ya saka a can. Nan gaba tambayar farko ita ce wace ƙasa akawun ɗin mutum yake. Ƙarin kayan wasa da ake saya daban su ma sai sun dace da yankin faifan.

TAMBAYA: Ina naɗar bidiyon dabaru da Hausa, mabiyana sun fara yawa. Wani mai sayar da katin shahan ya ce zai biya ni in riƙa ambatonsa. Ya halatta? Daga Jidda.

AMSA: Madalla da wannan aiki, domin bayanin gem da Hausa ya yi ƙaranci, alhali ƙasar da muke ciki ta mai da harkar babbar sana'a. Musa'id Aldosari ya ci kofin duniya na FIFA na kwamfuta a Landan a 2018, kuma gasar gem ta duniya da aka fara a Riyad a 2024 kyautarta ta haura dala miliyan 60. Masu kallo suna nan.

Amma talla a nan da lasisi ake yin ta. Tun 2022 mai tallata kaya a shafinsa na sada zumunta yana buƙatar lasisin Mawthooq, kuɗinsa riyal 15,000 na shekara 3, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba bai kamata ya karɓi ko riyal ɗaya ba sai ya tabbatar daga hukumar kula da kafofin watsa labarai cewa matsayinsa ya ba shi dama. In komai ya daidaita, ka faɗa a farkon bidiyon cewa talla ce, kada ka cusa ta a tsakiyar dabara kamar shawararka ce ta kanka. Ka sayi kati ɗaya daga wurinsa da kuɗinka ka ga ya shiga, ka tambaye shi rajistar kasuwancinsa, ka kuma ji abin da yake yi wa wanda katinsa ya ƙi aiki. In yana neman kalmar sirrin mai saye don ya yi masa shahan, ka bar cinikin, lambar shaidar ɗan wasa kaɗai ake buƙata.