Yadda ake gane jerin littattafan soja mai inganci

Ƙanena, ka ce kana shirin kwas a Jaji, an turo maka jerin littattafai kusan hamsin ta WhatsApp, kana tambaya ta yaya za ka gane ko jerin na kirki ne. Kar ka duba yawansu. Duba abu biyu: an rarraba su bisa muƙami? An rubuta dalili, ko layi biyu ne, a ƙarƙashin kowane littafi? Jerin sojojin kundumbalar ruwa na Amurka, wanda Janar Alfred Gray ya fara a 1989, bisa muƙami aka tsara shi a lokacin, don abin da kyaftin ke buƙata daban yake da na kanar. In naka bai yi haka ba, tarin sunaye ne kawai.

Amma ko ya cika waɗannan, ƙirga nawa ne suka taɓo yaƙinmu: basasar 1967 zuwa 1970, ECOMOG (rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka ta Yamma) a Laberiya da Saliyo, Arewa maso Gabas tun 2009. Ni an taɓa miƙa mini irinsa a wani kwas nan Kaduna, takarda uku da hoto ya dushe, Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye rabi. Na sha karanta labarin yaƙin tankoki da aka yi a Turai, sai ga ni a daji ina fama da masu babura. Kan basasa kuwa, nemi na ɓangarorin biyu, don janar in ya rubuta tarihinsa da kansa, da wuya ka ji inda ya yi kuskure.