Amsa: digiri na biyu kan haihuwar kifin shak

Ƙanwata, kin tambaya ko mai digirin ilimin dabbobi daga Gombe za ta iya bincike kan haihuwar kifin shak. Za ki iya, amma ruwan madatsar Dadin Kowa ta Gombe ba shi da shak, sai kin gangara bakin teku. Nemi Jami'ar Legas ko ta Kalaba, ki tuntuɓi cibiyar binciken teku ta Najeriya (NIOMR) a Legas.

Yawancin nau'o'in shak haihuwa suke yi, 'ya'ya kaɗan, wani ma cikinsa yakan kusa shekara 2. In masunta suka kwashe masu ciki, kafin a maye gurbinsu an daɗe, abin yana damuna wallahi. Ki fara da auna waɗanda masunta ke saukewa a gaɓa, ya fi hayar jirgin ruwa araha.