Yaran da baki ke mutuwa a asembili

Malama, kin ce ɗalibanki na JSS 2 sun iya rubutu, amma da an tsayar da su a asembili sai baki ya mutu. Ni ma na sha fama da wannan.

Kuskurena na farko shi ne ba su takarda su haddace. Yaro yana mance kalma ɗaya, shi ke nan, sai kallon silin. Yanzu ɗan kati nake ba su, kalma 3 kacal, kowace tana tuna masa gaɓa ɗaya.

Kada ki fara da asembili. Minti 1 a gaban mutum 4, kan abin da ya sani sarai, ko da yadda ake dama kunu ne. Da Hausa tukuna, Turanci daga baya.

Akwai wata yarinya da ba ta ɗaga kai sam (tarbiyyar gida ce, ba a kallon babba cikin ido). Na ce ta kalli ƙawarta ta bencin baya, ta ɗaga murya har waccan ta ji. Na ɗauki muryarta a waya, ta saurara, ita da kanta ta ce tana sauri kamar ana korarta. A mako na uku ta fara jan numfashi a ƙarshen jimla.