Amsa: Hawa Dutsen Lemmon daga Tucson a watan Yuli

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zafin Tucson, garin nan na jihar Arizona a Amurka, zai hana ku hawa Dutsen Lemmon da iyali a Yuli. Ai zafin ne ma dalilin hawan. Garin yana kan tsayin mita 730 ne, ƙololuwar dutsen kuwa ta kusa mita 2,800, don haka sama ta fi ƙasa sanyi da digiri 10 zuwa 15 na ma'aunin Celsius. Daga hamada mai cike da dogayen tsire-tsire masu ƙaya ka fara, ka ƙare cikin dajin dogayen itatuwa masu ƙamshi.

Cika tankinka tun a gari, babu gidan mai ko ɗaya a kan dutsen. Titin Catalina, hanyar hawa dutsen, kusan kilomita 43 ne har ƙauyen Summerhaven da ke can sama, duk kwana-kwana, sai ka ba shi awa guda. Ku tsaya a Windy Point, wurin hangen nesa a gefen titin, ku sha kallo.

Ku tashi da sassafe. A Yuli da Agusta hadari kan haɗo da rana, da tsawa da walƙiya, kuma duwatsun nan fili ne. Da ka ji rugugi, a koma mota. Ruwan sha lita biyu ga kowa, da rigar sanyi saboda yara. Kafin ka hura wutar gashi ka duba sanarwar hukumar daji, gobarar 2003 ta cinye yawancin gidajen Summerhaven.

Wurin saukowa ne ake samun matsala. Sa mota a ƙaramin giya, kada ka danne birki tun daga sama, domin zai yi zafi ya daina kamawa. In ka ji ƙaurin ƙonewa, ka ratse gefe ya huce.