Yadda ake goge tsofaffin fayiloli bisa kwanan wata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wata sabar Linux, kuma akwai foldar da manhajarmu ke zuba fayilolin rahoto a cikinta kullum, har ta kusa cinye wurin ajiya. Ta yaya zan sa kwamfuta ta riƙa zaƙulo waɗanda suka haura kwana 30 tana goge su da kanta?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Umarnin da kake nema shi ne find. Amma kafin ka taɓa shi, ka fara tantance wane kwanan wata kake nufi, domin Linux na riƙe wa kowane fayil aƙalla lokuta uku. Akwai mtime, lokacin da aka yi rubutu na ƙarshe a cikinsa. Akwai atime, lokacin da aka karanta shi, wanda ba na son a dogara da shi saboda yawancin injina ba sa sabunta shi a kowane karatu. Sai ctime, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: suna ɗauka ranar ƙirƙirar fayil ce, alhali lokacin da aka sauya bayanansa ne, kamar izini ko mamallaki. A aikinka, mtime ne daidai.

Fara da wannan, wanda ba ya goge komai:

find /var/log/rahoto -type f -name "*.log" -mtime +30 -print

Ka zauna ka karanta jerin da ya fito, don Allah kada ka yi gaggawa. Abin da find ya goge ba ya shiga kwandon shara, ya tafi ke nan. Idan ka gamsu, sai ka cire -print ka sa -delete a gurbinsa. Lallai -delete ya zo a ƙarshe, saboda find na bin sharuɗɗa daga hagu zuwa dama. Idan -delete ya riga sauran, zai share duk abin da ke cikin foldar kafin ma ya duba shekarunsu.

Lissafin +30 ɗin ma yana da ɗan sirri. Find na ƙirga awa 24 a matsayin kwana ɗaya, yana watsar da guntun da bai cika ba, don haka fayil sai ya cika kwana 31 kafin ya faɗa cikin jerin. In kuwa takamaiman rana kake so, ka yi amfani da ! -newermt "2024-01-01", ya kawo maka duk waɗanda ba a taɓa ba tun shigowar wannan ranar.

Wani abin da nake yawan jan kunne a kai shi ne tsufan mtime ba ya nufin fayil ya daɗe a foldar. Idan ka kwance ƙunshin tar (fayil ɗaya da aka ƙunshe fayiloli da yawa a cikinsa) jiya, fayilolin kan fito da kwanan watansu na asali, ko da na shekara biyar ne. Haka ma fayil ɗin da aka matsar da umarnin mv. Shi ya sa na sa -name, don umarnin ya tsaya kan fayilolin rahoto kaɗai.

Ga masu Windows, PowerShell na yin wannan aikin: Get-ChildItem ya jero, Where-Object ya tace da LastWriteTime, Remove-Item ya goge, kuma ƙara -WhatIf na nuna abin da zai faru ba tare da an aikata ba.

Da zarar ka gwada da hannu na 'yan kwanaki, sai ka miƙa wa cron, wato manhajar Linux da ke gudanar da umarni da kanta a lokacin da aka tsara mata. Layin da ya fara da 0 2 * * * zai gudanar da shi kullum ƙarfe 2 na dare. A nan ka rubuta cikakkiyar hanyar foldar da hannunka. Idan ka rubuta "$FOLDA/", wato sunan da aka adana hanyar foldar a cikinsa, kuma aka yi rashin sa'a FOLDA ta zo babu komai, abin da zai saura shi ne /, wato find zai fara aiki daga tushen injin gaba ɗaya. Ka kuma haɗa -print da -delete, ka tura sakamakon cikin wani fayil a wata foldar daban, domin duk ranar da aka nemi wani rahoto aka rasa, ka ga ko yana cikin waɗanda aka goge.