Me ya sa ruwa ke yanka ƙasar Jos alhali ta dutse ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman dankali a yankin Barikin Ladi. Akwai wani kwazazzabo a ƙasan gonata, duk damina sai ya ƙara matsowa. Abin da ya ɗaure mini kai, ƙasarmu ta dutse ce, to yaya ruwa ke cin ta haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Dutsen da kake gani a sama shi ne ya rage. Na ƙarƙashin gonarka ya daɗe da ruɓewa.

Yawancin duwatsun tudun Jos irin dutsen nan ne mai ƙyalli-ƙyalli da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Ruwan sama yana bin tsagoginsa yana shiga, a hankali ya narkar da wasu ma'adinansa su koma yumɓu. Farar ƙasar da ake haƙa a Filato daga nan ta samo asali. Rairayin cikin dutsen kuwa ba ya narkewa, haka ma kuza, shi ya sa masu haƙa ke samun ta a kwancen tsofaffin rafuka. Inda ruɓewar ta bi tsagogi ta bar curi a tsakiya, idan ƙasa ta zaizaye sai curin ya fito fili, kamar duwatsun Riyom da ke ɗore kan juna har ka rantse mutum ne ya jera su.

Ka leƙa bangon kwazazzabon naka, za ka ga abin da masu bincike ke dubawa. A sama akwai 'yar baƙar ƙasa mai saiwoyi, sai jar ƙasa, wani wurin da marmara, can ƙasa kuma ruɓaɓɓen dutse wanda kamanninsa na dutse ne amma yatsa na marmasa shi. Wannan na ƙasan shi ne matsalar. Da zarar ruwa ya huda saman ya kai gare shi, sai ya riƙa ƙwaƙule gindin bango, saman ya rufta, kan kwazazzabon ya ƙara hawowa tudu. Don haka yake matso ka.

Tsayin tudun Jos ya haura mita 1,200, kuma Jos na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, galibi daga Afrilu zuwa Oktoba. Ruwan farkon damina ya fi ɓarna, domin yana tarar da ƙasa tsirara bayan gobarar daji da kiwo. Sannan ga haƙar kuza da kamfanonin Turawa suka fara tun farkon ƙarni na 20, wadda ta karkatar da rafuka ta bar tulin ƙasa da kududdufai a Bukuru da Barikin Ladi. Sai dai a ganina an cika jibga wa kuza laifi. Turbar ƙafa, burtali, da magudanar titi da aka saki cikin gona, kowannensu na iya haifar da kwazazzabo.

Dabarar hana zaizaya kuma ba baƙuwa ba ce a Filato. Mutanen ƙabilar Kofyar, a gefen kudancin tudun, sun daɗe suna jera duwatsu hawa-hawa a gangare suna zuba takin awaki, har wani mai bincike, Robert Netting, ya rubuta littafi kan nomansu a 1968.

Kada ka fara da cike ramin, ruwa zai kwashe. Ka hau sama ka gano inda ruwan ke taruwa, ka rarraba shi tun kafin ya iso. Ka ja kunyoyinka a gicciye, kada su bi gangare. Ka bar 'yan taku daga bakin kwazazzabon ba noma ba kiwo, ka dasa jema ko gamba a jere. Cikin ramin kuma ka sa gajerun shingayen dutse da yawa, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa, don su tare laka ruwa ya wuce. Idan zurfinsa ya wuce tsayin mutum, aikin ya fi ƙarfin manomi ɗaya, sai ku haɗu da maƙwabtan da ruwan ke fitowa daga gonakinsu ku nemi malamin gona.