Yaya Ake Sanin Teku Za Ta Yi Tsanani Alhali Sama Tana Garau?

Tambaya: Malam, ni ɗan Tudun Wadan Zariya ne da aiki ya kai Legas. Na ga matasan da ke hawa igiyar ruwa a kan allo a Tarkwa Bay suna faɗin ranar da manyan igiyoyi za su zo tun da saura kwanaki, kuma ranar ta zo babu ko alamar hadari amma teku tana ta tumbatsa. Da me suke gane hakan?

Amsa: Ɗan'uwa, mu a nan mun saba duban gabas, idan hadari ya haɗu ya yi baƙi mu san ruwa ya kusa, amma wannan dabarar ba ta aiki a bakin teku, domin igiyar da ka gani ba a sararin Legas aka haife ta ba. Kamar Kogin Galma ne da yakan kawo ruwa a ranar da ko yayyafi ba a yi a Zariya ba, saboda an tafka shi a can sama. Manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Najeriya suna tasowa ne daga guguwowin kudancin Tekun Atilantika, nisan kilomita 5,000 ko fiye, kuma sun fi ƙarfi daga wajen Yuni zuwa Satumba, lokacin da ake sanyi a wancan ɓangaren na duniya.

Abubuwa uku ne ke yanke girman igiya: ƙarfin iskar, tsawon lokacin da ta ɗauka tana busawa, da faɗin ruwan da ta bi ba tare da ta sauya alƙibla ba. Masana teku Harald Sverdrup da Walter Munk ne suka fara tsara lissafin wannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don a san ranar da za a iya sauke sojoji a gaɓa. Yau kwamfuta ce ke yin aikin da manhajoji irin su WAVEWATCH III na NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ana ciyar da ita da bayanan taurarin ɗan'adam da na na'urorin awo da aka girke a kan ruwa.

A jadawalin hasashe mutane sun fi zuba ido kan tsayin igiya, amma a ganina lambar da ta fi cancantar kulawa ita ce tazarar daƙiƙoƙi tsakanin igiya da mai bi mata. Idan tazarar daƙiƙa 6 ce ko 7, iskar kusa ce ta tayar da su, za su zo a hargitse ba ƙarfi. Idan ta kai 15, to daga nesa suke, tsakanin ƙololuwar ɗaya da ta gaba ya kai mita 350, kuma ƙarfinsu yana tafiyar kusan kilomita 42 a awa, wato kamar kilomita 1,000 a yini da dare. Raba nisan guguwar da wannan, sai ka ga dalilin da ya sa yaran suke da kwana 5 ko 6 na shiri. Irin wannan igiyar tana motsa ruwa har can ƙasa, don haka da ta iso wuri marar zurfi sai ta rage gudu, ta miƙe tsaye, ta fi yadda take a tsakiyar teku nesa ba kusa ba. Siffar ƙasan teku ma tana da nata hannu: a Nazare ta ƙasar Fotugal, wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 5,000 ne ke tattaro ƙarfin ruwa, kuma a can Sebastian Steudtner ya hau igiya mai mita 26.21 a shekarar 2020.

Iskar gida kuwa gyara take yi ko ɓatawa. Wadda ta fito daga teku tana rusa igiya, wadda ta fito daga tudu tana daidaita fuskarta, shi ya sa safiya, lokacin da iska ta fi fitowa daga tudu, ta fi yamma, kuma iskar hunturun da ke fasa mana leɓe a nan takan zame musu alheri idan ta isa can.

Sai dai ka lura, tsayin da ake rubutawa matsakaicin kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi tsayi ne, igiya ɗaya tilo tana iya kusan ninka shi, kuma hasashen da ya wuce mako guda ba abin dogaro ba ne. Hadarin tsawa na gida yana iya haɗuwa cikin 'yan awoyi, saboda haka a duba sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da safe, a kuma fice daga ruwa da jin tsawar farko. Kai da ba ka saba da teku ba, kada ka shiga a irin waɗannan ranakun, domin ruwan da igiyoyin suka tara a gaɓa yana komawa ciki ta wata siririyar hanya mai ja da ƙarfi. Wanda ta kama, ya yi iyo ta gefe a layin gaɓa har ya fita daga cikinta, sannan ya nufo tudu.